Darasi na 9: Yadda Muke Koyon Kasa Abubuwa Rukuni-Rukuni

Duk awakin da kuka taɓa gani tun kuna yara, babu guda biyu da suka zo iri ɗaya sak. Ga jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, ga mai dogayen ƙafafu ta bakin hamada, ga 'yar gajeriya ta kudu. Amma in aka jawo wata da ba ku taɓa sa ta a ido ba, nan take za ku ce akuya ce, ba tunkiya ba. To, a ce ku faɗi abin da ya sa ta zama akuya. Nan ne za a fara kame-kame. Ƙafa huɗu? Tunkiya ma tana da su. Ƙaho? Rago ya fi ta. Gemu? Ba kowace ke da shi ba. Wanda ya ce wutsiyar akuya a ɗage take, ta tunkiya kuwa a sake, ya yi ƙoƙari. Sai dai ko an rufe wutsiyar da buhu, makiyayi ba zai ruɗe ba.

Ta yaya mutum yake tara abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, har ya gane sabon da bai taɓa gani ba? Masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara 100 suna bin sawun wannan tambaya. A darasin nan za mu fi tsayawa a kan ɓangarensu guda, wato waɗanda suka ce kada a dogara da abin da mutum ya ce yana cikin kansa, a duba abin da yake aikatawa, domin shi ake iya gani a auna.

Karnukan Pavlov

Ivan Pavlov masani ne ɗan ƙasar Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci. Cikin wannan aiki ne ya lura cewa in ana jiyar da kare wani sauti dab da ba shi abinci, a kwana a tashi sautin kaɗai ya isa ya sa yawunsa ya tsinke. Wannan labari ya shahara. Abin da ya biyo bayansa ne ya shafe mu.

Da aka jiyar da karen wani sautin dabam mai kama da na farko, yawun ya zo, ko da yake bai kai na da ba. Iya nisan sabon sauti da na asali, iya raguwar yawun. Ba wanda ya koya wa karen haka. Da kansa ya faɗaɗa abin da ya koya zuwa ga makamancinsa. Daga nan sai aka riƙa kawo sauti biyu, ɗaya abinci na biye da shi, ɗaya kuwa babu komai. Ba a daɗe ba karen ya daina kula na biyun. Ya koyi bambancewa.

A ɗakin binciken Pavlov an taɓa koya wa wani kare cewa in ya ga da'ira abinci na tafe, in ya ga siffa mai kama da ƙwai babu. Ya gane. Sai aka yi ta kumbura siffar ƙwan tana kusantar da'ira, har tsawonta da faɗinta suka zama 9 da 8. A nan kare ya kasa. Bai tsaya ga kasawa ba, ya rikice gaba ɗaya, yana kuka yana cizon kayan aikin, har bambancin da ya iya a da mai sauƙi ya kuɓuce masa. Malamin da ke gaggawar kai ɗalibi ga abu mai wuya ya riƙe wannan.

A 1950 wasu malamai biyu na Jami'ar Columbia a Amurka, Fred Keller da William Schoenfeld, suka haɗa waɗannan abubuwa biyu suka fitar da bayani mai sauƙi. A wurinsu, ana cewa mutum ya san wani rukuni idan yana yi wa duk 'yan cikinsa mu'amala iri ɗaya, yana kuma yi wa na waje wata mu'amalar dabam. Ku lura, ba su sa sharaɗin ya iya faɗin ma'anar da baki ba.

Gane abu kafin a iya faɗarsa

Tun kafin su, a 1920, Clark Hull na Jami'ar Wisconsin ya gwada wannan a kan mutane. Ya ɗauko haruffan rubutun Sin, waɗanda ɗalibansa Amurkawa ba su san ko ɗaya ba. Rubutun Sin yana da wasu ƙananan alamomi da ke maimaituwa a cikin haruffa da yawa. Hull ya zaɓi irin waɗannan alamomi guda 12, ya laƙaba wa kowace wani suna na ƙirƙira. Yakan nuna harafi, ɗalibi ya yi canke, sannan a faɗa masa sunan daidai. In an gama da jeri ɗaya sai a kawo sabon jeri, haruffan duk sababbi, amma alamomin nan 12 na ɓoye a cikinsu. Ba a gaya wa kowa akwai wata alama ba. Duk da haka, daga jeri zuwa jeri ɗaliban suka riƙa faɗin sunan harafin da ba su taɓa gani ba daidai. Da yawansu kuma sun kai ga haka tun ba su iya nuna alamar da suke bi ba.

Ku ma kun bi ta wannan hanya a ajin nan. Harafin “a” na littafi dabam, na allo dabam, babban “A” kuwa ko kama da su bai yi ba, ga kuma rubutun hannun kowane malami da irin nasa karkacewar. Duk kun tara su wuri ɗaya. A ɗaya gefen, “k” da “ƙ” ɗan lanƙwasa ne kawai tsakaninsu, amma dole ku raba su, in ba haka ba kara ya koma ƙara. Kama da wane ba wane ba ne. Aikin mai koyon karatu ke nan: ya kau da kai daga babban bambanci marar amfani, ya sa ido kan ƙarami mai amfani.

Tantabarun Harvard

Wani zai ce ai wannan baiwa ce ta mai magana. A 1964, a Jami'ar Harvard, Richard Herrnstein da Donald Loveland suka sa tantabaru a akwati mai ɗan allo, suna haska musu ɗaruruwan hotuna. Wasu hotunan akwai mutum a ciki, wasu babu. In tantabara ta ƙwanƙwasa maɓalli da baki lokacin da akwai mutum, sai ta sami tsaba. In babu mutum, ba ta samun komai. Mutanen hotunan kuwa ba su da tsari ɗaya: manya da yara, farare da baƙaƙe, na tsaye da na zaune, na kusa da na nesa, wani ma rabinsa kawai ake gani a bayan wani abu. Tantabarun suka koya. Da aka kawo hotunan da ba su taɓa gani ba, suka ci gaba da rarrabewa. A 1976 Herrnstein da abokan aikinsa suka maimaita gwajin da bishiyoyi, da ruwa, da kuma wata mace guda ɗaya da za a tsamo daga cikin sauran mutane.

A Japan, Shigeru Watanabe na Jami'ar Keio ya koya wa tantabaru bambanta zanen wasu masu zane biyu, Monet da Picasso, aka buga sakamakon a 1995. Mutane sun yi ta dariya, amma gwajin da ya fi koyar da mu shi ne na 2015, wanda Richard Levenson da Edward Wasserman suka jagoranta a Amurka. Sun nuna wa tantabaru hotunan tsokar mama da aka ɗauka ta madubin likita, wasu masu sankara wasu lafiyayyu. Cikin kimanin mako biyu kowace tantabara tana dacewa da kusan kashi 85 cikin 100, kuma da aka haɗa zaɓin tantabaru huɗu wuri ɗaya, dacewar ta kai kashi 99. Sababbin hotuna ma ba su gagare su ba. Sai aka ba su wani aikin da ya fi wuya, na bambanta ƙulluwa mai haɗari da marar haɗari a hoton da na'urar asibiti ke ɗauka. Bayan doguwar horarwa suka iya hotunan da aka koya musu, amma da aka kawo sababbi sai suka koma canke. Ashe hadda suka yi.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata kowane malami ya riƙe, kowane ɗalibi kuma ya auna kansa da shi. Amsa tambayar da aka riga aka yi a aji ba ta nuna an gane. Sabon misali ne yake tona asiri.

Mutum ba ya jira a ciyar da shi

Ba duka masana ne suka gamsu da bayanin tsaba da maɓalli ba. A 1956 Jerome Bruner da Jacqueline Goodnow da George Austin suka fito da wani gwaji na kati 81. Kowane kati yana da siffa ɗaya cikin uku, launi ɗaya cikin uku, adadin siffofi daga 1 zuwa 3, da layin kewaye daga 1 zuwa 3. Mai gwaji yakan ƙudurta wata ƙa'ida a ransa, misali “duk jan murabba'i”, ɗalibi ya riƙa nuna kati ana ce masa e ko a'a har ya gano ta. Suka ga mutane ba zuba ido kawai suke yi ba, zato suke ƙullawa su jarraba shi. Dabarar da ta fi tabbas ita ce a riƙe katin da aka ce e, a riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane zaɓi, kamar yadda bakanike mai hankali ba ya canza fulogi da batir da kafireto a lokaci guda, don kada ya rasa wanne ne ya lalace. Sun kuma ga ƙa'ida mai “da”, irin ja kuma murabba'i, ta fi mai “ko” sauƙin ganowa.

Sai dai duniya ba kati 81 ba ce. Eleanor Rosch ta Jami'ar California a Berkeley ta nuna a shekarun 1970 cewa rukunan yau da kullum ba su da katanga mai kaifi, kuma 'yan cikinsu ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗalibanta sun ɗauki ƙananan tsuntsaye masu tashi da kuka a matsayin cikakkun tsuntsaye, jimina kuwa can baya. Da aka auna saurin amsa, an fi saurin yarda da na tsakiyar rukuni a kan na gefe. Daga nan masana suka rabu. Wasu suka ce mutum yana tace misalan da ya gani ya ajiye hoto ɗaya na tsaka-tsaki. Douglas Medin da Marguerite Schaffer kuwa a 1978 suka ce misalan ne da kansu yake ajiyewa, in sabo ya zo ya gwada shi da su. Har yau ana wannan muhawara. Ga mai koyarwa dai duka biyun wuri ɗaya suka nufa: irin misalan da ka ba ɗalibi, irin fahimtar da zai tashi da ita.

Abin da ba a koyar ba, amma aka iya

Gwajin da ya fi kusa da ajinmu shi ne na Murray Sidman a jihar Massachusetts, wanda aka buga a 1971. Ya yi aiki da wani saurayi ɗan shekara 17 mai tsananin raunin ƙwaƙwalwa, wanda bai iya karatu ba. Akwai abin da ya iya: in aka ambaci sunan abu, kamar mota ko gado ko kyanwa, yakan nuna hotonsa, in kuma aka nuna hoton yakan faɗi sunan. Sidman ya koya masa abu ɗaya kawai, wato in ya ji kalma ya nuna rubutunta. Kalmomi 20 aka yi haka da su. Da aka gama sai aka jarraba shi kan abin da ba a taɓa koya masa ba. Aka ba shi rubutacciyar kalma, ya nuna hotonta. Aka ba shi hoto, ya nuna rubutun. Aka nuna masa rubutun, ya karanta da baki.

Ku duba abin mamakin da ke nan. Rubutun “mota” bai yi kama da mota ba, sautin kalmar ma bai yi kama da ko ɗayansu ba. Ba kamanni ne ya haɗa su ba, koyo ne ya mai da su 'yan gida ɗaya, kowanne na iya tsayawa a madadin ɗan'uwansa. Sidman da William Tailby sun tsara sharuɗɗan wannan a 1982: in an koyi cewa na ɗaya yana tafiya da na biyu, na ɗaya kuma yana tafiya da na uku, to dangantakar na biyu da na uku takan fito da kanta, gaba da baya. Wannan kuwa ya yi wa dabbobi wuyar gaske a gwaje-gwaje, har da tantabarun da suka burge mu ɗazu.

Wanda ya zo ajin nan da ajaminsa ya riga ya yi rabin tafiya. Ku ɗauki takardar naira 500. Kun san darajarta a kasuwa, kun san sunanta a baki, mai ajami kuma yana karanta “naira ɗari biyar” a jikinta. Abin da ya rage shi ne a shigar da lambar 500 da rubutun boko cikin wannan gida. Ba sai an koyar da kowace dangantaka ɗaya bayan ɗaya ba. Malamin da ya fara daga abin da babba ya riga ya sani ya rage wa kansa aiki mai yawa.

Wa ya iya rarrabewa, ɗan boko ko manomi?

A 1931 da 1932 masanin Rasha Alexander Luria ya je ƙauyukan Uzbekistan, ya nuna wa manoman da ba su yi makaranta ba hotuna huɗu: guduma, zarto, gatari da gungumen itace. Ya ce su fitar da bare. Wanda ya ɗan zauna a aji yakan cire gungumen, tunda sauran ukun kayan aiki ne. Manoman kuwa suka ƙi cire shi. Hujjarsu ita ce, in babu itace, me zarto da gatari za su yi?

An daɗe ana karanta irin wannan amsa a matsayin gazawa. Sai a shekarun 1960 Michael Cole da John Gay da Joseph Glick suka yi aiki da Kpelle, manoman shinkafa na ƙasar Laberiya. Glick ya ba da labarin yadda aka zube musu kaya 20, na ci da na sawa da na aiki da na girki, aka ce su kasa. Suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da mai binciken ya gaji, sai ya tambaya yadda wawa zai kasa su. Nan da nan aka yi masa kashi huɗu: abinci gefe guda, tufafi gefe guda, kayan aiki da na girki kowanne da wurinsa. Wato tsarin da yake nema tun farko sun san shi sarai, ba su dai ga amfaninsa ba ne.

Don haka kada wani ya ce muku makaranta ce take ba mutum hankalin rarrabewa. Matar da ke duban tsaba ta ce wannan gero ne wannan maiwa, da dillalin da ke kallon sa ya faɗi inda aka kiwata shi, sun daɗe da ƙwarewa. Abin da makaranta ke ƙarawa shi ne sabo da wani tsari na musamman, na kasa abubuwa bisa jinsinsu ko da ba a aiki da su tare. Tsarin yana da ranarsa: da shi ake cike fom, da shi ake jera magani a kemis, da shi ake rubuta littafin shiga da fitar kuɗi.

Kurakurai uku

Susan Markle da Philip Tiemann, masana koyarwa a Chicago, sun bayyana hanyoyi uku da fahimtar rukuni ke karkacewa. Akwai wuce gona da iri, kamar mai kiran kowane zafin jiki zazzaɓin cizon sauro. Maganinsa a nuna masa abin da ya yi kama amma ba shi ba ne. Akwai ƙuntatawa, kamar ɗalibin da kullum ake zana masa alwatika zaune kan gindinta, ran da aka kifa ta ya ce ba ita ba ce. Shi kuma misalai masu nisa da juna yake buƙata. Na uku shi ne riƙe alamar da ba ta da muhimmanci: in duk alwatikar da aka nuna ja ce, wani zai ɗauka jan ne ake nufi.

Jerin misalan ma yana da tasiri. A 2008 Nate Kornell da Robert Bjork suka koya wa ɗalibai salon masu zane 12, kowanne da zane 6. Wasu an nuna zanensu a jere, wasu an cakuɗa su da na sauran. Cakuɗawar ce ta fi taimakawa wajen gane sabon zane, amma mafi yawan ɗaliban suka ce jerawar ta fi musu ko kuwa duk ɗaya ne. Abin da ya fi daɗi a aji ba lalle shi ya fi zama a kai ba.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce aji. A 1963 Henri Tajfel da A. L. Wilkes a Ingila suka nuna wa mutane layuka 8 masu bambancin tsawo. Da aka liƙa wa gajerun huɗu harafin A, dogayen huɗu harafin B, sai masu kallo suka riƙa ƙara gishiri wajen kimanta tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Layi ne fa kawai a kan takarda. Ku yi tunanin abin da suna ke yi in an liƙa shi a kan ƙabila ko gari.

Aiki

A aji, ku kasu uku-uku. Kowa ya faɗi tsuntsun da ya fara zo masa a rai, sannan ku tattauna inda za ku ajiye kaza da jimina da jemage, da hujjar kowa. Bayan haka ku bayyana da kalmominku abin da ya bambanta nasarar tantabarun 2015 a aikin farko da kasawarsu a na ƙarshe.

A gida, kowa ya zaɓi rukuni ɗaya daga sana'arsa: irin da ya dace a shuka, ko yadi mai kyau, ko fatar da ta jemu, ko takardar kuɗi ta gaske. Ku nemo misalai biyar da suka bambanta da juna sosai, da wasu uku masu kama da su amma ba su ba. Ku koya wa wani yaro ko maƙwabci da su ba tare da kun faɗa masa ƙa'idar ba, sai dai e ko a'a. A ƙarshe ku miƙa masa wani sabo da bai gani ba, ku rubuta abin da ya ce da shi. Ku zo da abin da kuka rubuta ranar darasi na gaba, da shi za mu fara.